Yini ɗaya rak a Alƙahira: dala, gawar Fir'auna, Azhar da kasuwa, duk za su yiwu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Daga Jos nake rubutowa. Ni da maigida da yaranmu biyu za mu je hutu Masar a watan Agusta in Allah ya kai mu, yawancin kwanakin a Iskandariyya za mu yi wajen ƙaninsa da ke karatu, sai yini ɗaya tal muke da shi a Alƙahira kafin mu dawo. Ni burina in ga gawar Fir'auna da idona, maigida shi Azhar da kabarin Imam Shafi'i, yara sun dame mu da dala da hawan raƙumi, ga tsaraba ina so in yi, kuma an ce akwai sabon gidan tarihi da fadar Salahuddini da shiga kwale-kwale a kogin Nilu. Don Allah duk za su yiwu? Ta ina za mu fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Gaskiya ɗaya ce, duka ba za su yiwu ba. Na yi shekaru ina karatu a garin nan kafin in dawo Abuja in kama aikin shirya wa mutane tafiya, kuma duk wanda ya kawo min lis irin naki abu na farko da nake yi shi ne in ɗauki biro in soke biyu ko uku. Abin da ke cinye yini a Alƙahira hanya ce. Garin da kewayensa mutum sama da miliyan 20 ne, gosulon da kike gani a Taminus ranar kasuwa ko wanda muke sha a Nyanya da yamma, can shi ne abin yau da kullum, wurin da taswirar waya ta ce miki minti 20 sai ki share awa ɗaya kina kallon bayan bas. To a lis ɗinki ki cire sabon gidan tarihi, ki cire fadar Salahuddini, kwale-kwale kuma ki bar shi a sai in hali ya yi. Sauran za su shiga in kun tashi da wuri.

Ku shigo daga Iskandariyya tun daren jiya ku kama otal a ɓangaren Giza inda dala suke, kar ku ce za ku taso da asuba ku yi komai a ranar. Ku kasance a bakin ƙofar dala lokacin da ake buɗewa da safe. Dalili zafi ne, kuma nan zan ja kunnenki musamman don ku mutanen Jos ne, kun saba da garin da ake saka rigar sanyi a watan Agusta ana ta ruwa. Can Agusta tsakiyar bazara ce, babu ruwan sama ko ɗigo, zafi yakan kai digiri 35 wani lokaci ya taɓa 40, filin dalar kuma hamada ce fetal babu inuwar bishiya ko ɗaya. Hula ga yara, lema gare ki, ruwan gora da yawa, takalmi mara tsini. Ƙarfe goma da rabi ta yi muku kuna fita.

Dalar manya uku ne, ta sarki Khufu da ta ɗansa Khafre da ta jikansa Menkaure. Ta Khufu ce babba, an gina ta kusan shekara 4,500 da suka wuce, tsawonta na asali mita 146, duwatsun da ke jikinta an ƙiyasta sun kai miliyan 2 da dubu 300, wasu ɗaya ya kai ƙirjin mutum. In yara sun taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano a littafi to siffar ke nan, sai dai wannan in ka tsaya a gindinta sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Shiga ciki tikitinsa daban ne, ni dai ba na ba iyali shawara, hanya ce ƙunci a sunkuye ake hawa, ga zufa ga ƙarancin iska, in kin kai ƙarshe ɗaki ne wayam da akwatin dutse babu komai a ciki. Ku gangara wajen gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, Larabawa na ce masa Abul Haul, ku yi hotonku ku wuce.

Maganar raƙumi, a nan ake cin baƙi. Wani zai tare ku da fara'a yana Najeriya Najeriya yana kiran sunayen 'yan ƙwallo, ya ce hawa kyauta ne, to hawan kyauta ne saukar ce da kuɗi, yaro na can sama yana kuka kai kana ƙasa kana ciniki, ka ga ai an gama da kai. Ni kaina an taɓa yi min a shekarata ta farko, da Larabcina da komai. Maigida ya yanke farashi tun raƙumin na durƙushe, minti nawa, zuwa ina, na mutum nawa, kuma ya faɗa a fili fam na Masar ake nufi, su gine suke cewa, don akwai masu jira sai an sauka su ce ai fam na Ingila ko dalar Amurka suke nufi. Kar a biya sai kowa ya sauka. Wanda ya miƙo miki rawani ko ɗan gunki ya ce hadiyya ce kar ki karɓa, ki ce la shukran ki ci gaba da tafiya, kar ki tsaya bayani.

Wani abu da mutanenmu ke mantawa, tikitin shiga manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake biya, taga ba ta karɓar tsabar kuɗi. Ki tabbatar tun daga gida katin da za ku riƙe yana aiki a waje, in ba haka ba ƙanin maigida ya saya muku ta intanet da nasa. Amma ku riƙe canji ƙanana a aljihu, don mai tsaron takalmi a masallaci da mai bayan gida da mai nuna hanya duk suna jiran na goro, su baƙshish suke cewa.

Yanzu zancenki na Fir'auna. Kar direba ya kai ku tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, da can a nan gawarwakin suke amma a watan Afrilu na 2021 aka kwashe su, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka kai su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Ki ce wa direba Mathaf al-Hadara. Ɗakin a ƙasa yake, duhu-duhu, shiru, ba a ɗaukar hoto, kowane sarki na kwance cikin gilashi da sunansa. Wanda kowa ke rububin gani shi ne Ramsis na biyu, ya yi mulki shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, har gashin kansa da ƙugiyar hancinsa za ki gani. Sai dai ki sani Fir'auna sarauta ce kamar a ce sarki, sun yi yawa, kuma babu wani allo a wurin da aka rubuta wannan ne na Annabi Musa. Masu bincike wasu sun ce Ramsis ɗin ne, wasu sun ce ɗansa Marnabtah, shi ma yana ɗakin, to ki duba su biyun ki huta. Ki kuma gyara wa yara wani kuskure da ake yawan yi, masu dala daban waɗannan daban, tsakanin Khufu da Ramsis akwai fiye da shekara 1,000. In ƙaramin yaron mai tsoro ne a bar shi a sama da babansa, awa ɗaya da rabi ta ishe ku a gidan gaba ɗaya.

Abin da ya sa na so wannan tsarin, masallacin Amr ɗan Aas na nan kusa, shi ne masallaci na farko a Masar, an kafa shi wajen shekarar 642 zamanin Sayyidina Umar. Ku yi azahar a can ku miƙe ƙafa a inuwa, rana ta ɗan karya. Abinci kuwa ku nemi koshari, shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan wake ne a haɗe da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, arha ga ƙoshi, yajin a gefe yake ki zuba da kanki. Ta'amiyya ƙosai ne kawai ya saka koren kaya, burodinsu gurasa ce, karkade kuma zoɓonmu ne sak. Ruwan rake mai sanyi ma kar ya wuce ku. Ruwan famfo da ɗanyen ganye dai ku bari, ba a son ciki ya ɓaci ana gobe jirgi.

Daga nan kabarin Imam Shafi'i ba nisa, ya rasu a 820, ƙubbar da ke kansa a 1211 aka gina. Minti 30 ya isa ziyara. In kun kama hanyar Azhar za ku bi ta gindin fadar Salahuddini, wadda aka fara ginawa a 1176, za ku hango masallacin Muhammad Ali a samanta da dogayen hasumiyoyi, a nuna wa yara ta taga a ce an gani.

La'asar a Azhar. Fatimiyawa suka fara gina shi a 970 aka fara salla a 972, shiga kyauta ne, tsakar gidan farin dutse ne mai sheƙi, za ku tarar da ɗalibai zaune a gindin ginshiƙai suna bita, kuma da wuya ku fita ba ku ji Hausa ba. Alaƙarmu da wurin tsohuwa ce, tun da daɗewa akwai sashen kwanan ɗaliban Barno a masallacin, Imam Suyuɗi ma da ya rasu a 1505 daga garin nan ya riƙa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Maigida zai so ya daɗe, a bar shi, ke ki zauna ki huta don aikinki na gaba.

In kun tsallaka titi ga masallacin Husaini, ƙofar mata daban, a bayansa kuma kasuwar Khan al-Khalili ce wadda take nan tun ƙarni na 14. Da yamma take daɗi in an kunna fitilu. Hajiya ke da kika saba ciniki a Jos ba sai na koya miki ba, amma ki sani farashin farko na baƙo ne, ki taya ƙasa da rabi, in ya yi albarka ki juya ki tafi, sau da yawa kafin ki yi taku biyar zai kira ki. Bikam shi ne nawa, gali awi ya yi tsada sosai. Jallabiya da gyale da turare da fitilun ado suna da kyau, amma abaya da kayan yara na sawa sun fi arha a Muski da Ataba inda 'yan gari ke saye, tafiyar ƙafa ce daga nan, sai dai cunkoso, ki rungume jakarki ta gaba. Direban da ya ce bari ya biya da ku wani shagon turare ko na takardar zamanin Fir'auna na ɗan'uwansa, kamasho yake nema, ku ce kun gode. In ƙafa ta yarda ku bi titin Mu'izz zuwa Babul Futuh, za ku wuce ginin Sarki Ƙalawun mai asibiti a ciki tun 1285, ni a wajena wannan titin da daddare ya fi komai kyau a garin.

Zirga-zirga ku yi da Uber, ya raba ku da gardamar kuɗi da masu tasi. Lambar mota da rubutun Larabci take, karatun Islamiyya zai yi rana, a sa yara su riƙa karantowa. Ku sayi layin waya na can tun a Iskandariyya don data, fasfo a ajiye a otal a riƙe hotonsa. Kuma in kuna da zaɓi ku sa yinin ya faɗo Juma'a, hutunsu Juma'a da Asabar ne, da safe titi fayau, sai ku juya tsarin kaɗan ku yi dala, ku samu Juma'a a Azhar da wuri don cika yake yi, Fir'auna ya biyo baya, kasuwa da dare.

Sabon gidan tarihin da aka buɗe a Nuwamban 2025 kusa da dala, inda kayan sarki Tutankamun sama da 5,000 suke, shi kaɗai rabin yini ne, in kuka shiga to Azhar ko Fir'auna ɗaya ya tafi. Kwale-kwale kuma bayan isha in kun ga da sauran ƙarfi ku je bakin ruwa ta Garden City ku yi cinikin awa ɗaya, amma da yara biyu da suka tashi tun asuba ina kyautata zaton a mota za su yi barci da ledar tsaraba a cinya. Ki duba agogo da kyau daren nan, a watan Agusta Masar na gaban Najeriya da awa 2, kuma ku bar otal aƙalla awa 4 kafin tashin jirgi in a Giza kuka kwana, don filin jirgin a ɗaya ƙarshen garin yake.