Ku Tambaya Mu Amsa: Wane ne Baturen da sunansa ke kan agushi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin gona a nan Kumasi, mahaifiyata kuma tana sayar da agushi a kasuwar Kejetia tun kafin a haife ni. A aji an koya mana cewa agushi mai manyan ƙwayoyi farare sunansa na kimiyya Cucumeropsis mannii, malaminmu kuma ya ce ƙarshen sunan daga wani Bature ne, Mann, wanda ya riƙa hawan duwatsu yana tara ganyaye. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta yi dariya ta ce, shi ya shuka mana? Ina roƙon a yi mini bayanin ko wane ne shi, da abin da ya kai shi kan duwatsu.

Daga wata ɗaliba, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki gaida mahaifiyarki, ki kuma shaida mata cewa bai shuka ba, domin mutanen Afirka ta Yamma suna noman agushi suna miya da shi tun kafin a haifi kakanninsa. Al'adar masana tsirrai ce idan sun rubuta siffar wani tsiro a littattafansu a karo na farko su raɗa masa suna da harshen Latin, sau da yawa kuma sukan karrama wanda ya aiko musu da samfuri ta hanyar liƙa sunansa a ƙarshe. Wani masani Bafaranshe, Charles Naudin, shi ya yi wa Mann wannan karamci. Agushi ma ba tsiron kan dutse ba ne, amfanin gona ne na ƙasa mai ɗumi da ruwan sama. Aikin da ya ɗaukaka sunan Mann yana can sama, inda sanyi ke hana barci.

Gustav Mann Bajamushe ne, an haife shi a 1836, kuma ma'aikacin lambu ne a babban lambun gwamnatin Ingila da ke Kew, a gefen Landan. A 1859 labari ya iso cewa Charles Barter, masanin tsirran da ke tare da ayarin Dakta Baikie a kogin Kwara, ya rasu a Raba ta ƙasar Nupe, sai aka tura Mann ya maye gurbinsa yana ɗan shekara 23. Wannan Baikie shi ne wanda ya zauna a Lokoja, ya koyi Hausa har ya yi fassara da ita, shi ne kuma ya nuna a tafiyarsa ta 1854 cewa idan Turawa suna shan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, kullum za su iya shiga kogin su fito ba tare da zazzaɓi ya kashe su ba. Mann bai samu haɗuwa da ayarin ba. Ya tsaya a tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, maimakon zaman jira kuwa sai ya fuskanci dutsen da ya fi tsayi a tsibirin, mai tsayin mita kusan 3,000, ya hau shi a 1860.

Daga tsibirin ana hango wanda ya fi shi, wato Dutsen Kamaru, mai aman wuta, wanda ya tashi daga bakin teku har ya haura mita 4,000. Don ki gane girmansa, Afadjato namu na Jihar Volta, idan aka ɗauki mita 885 da aka saba faɗa a matsayin tsayinsa, sai an ɗora irinsa huɗu da ɗoriya kafin a kai ƙolin wancan. A ƙarshen 1861 da farkon 1862 Mann ya hau shi tare da Richard Burton, jakadan Ingila a Fernando Po, da Alfred Saker, ɗan mishan ɗin da ya kafa garin Victoria, Limbe ta yau, a 1858. A lokacin Jamus ba ta kafa tutarta a Kamaru ba tukuna, sai a 1884, saboda haka dole ayarin ya bi ta ƙauyukan Bakweri, masu dutsen, da lallashi da kyaututtuka.

Mai hawan wannan dutse yakan ratsa ƙasashe iri-iri a cikin 'yan kwanaki. Daga ƙasa kurmi ne mai duhu da zafi, sama da shi wani kurmin ne mai hazo inda gansakuka ke lulluɓe rassan itatuwa, sa'an nan itatuwa su ƙare kwatsam a shiga fili mai ciyawa da iska mai sanyi, daga bisani ciyawar ma ta ƙare, sai baƙin dutsen da ya narke ya daskare, mai kaifi, mai cin takalmi. Babbar wahalar sama ita ce ruwa, domin duk yawan ruwan saman da ake yi a gindin dutsen, a can sama ƙasar tana shanye shi nan take. Akwai idon ruwa guda a bakin kurmi, a sama da mita 2,000, inda ayarin ya yi sansani, kuma har yau a taswira sunansa idon ruwan Mann ne, alhali mafarautan Bakweri suna sha a wurin tun fil azal. Kin ga ba agushi kaɗai abin ya shafa ba.

Aikin kansa na haƙuri ne ƙwarai. Ana tsinko reshe mai ganye da fure, da 'ya'ya idan an samu, a shimfiɗa shi tsakanin takardu masu shan ruwa, a matse da katako biyu a ɗaure da igiya, a ba shi lamba, a rubuta rana da wuri da tsayin wurin da launin furen, tun da launi yakan gushe idan ya bushe. A busasshiyar ƙasa kamar arewacinmu wannan abu ne mai sauƙi, amma a inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce sai an sauya takardun kullum an gasa su a bakin wuta, in ba haka ba fumfuna ta cinye aikin mako guda a dare ɗaya. Takardun nan, da katakon, da tanti, da abinci, da ruwa, duk a kan mutane suka hau, galibi 'yan dako 'yan ƙabilar Kuru daga gaɓar Laberiya, mutanen bakin teku waɗanda ba su saba da sanyin sama ba, ba su kuma da suturarsa. A ganina duk wanda zai ba da labarin tafiyar bai ambace su ba ya ba da rabin labari.

Abin da ya kai Kew ga kashe kuɗi a kan wannan abu biyu ne, kuma ba su rabuwa. Na farko ilimi ne na gaske: da samfuran suka isa hannun Joseph Hooker, masanin tsirrai a Kew, ya lura cewa tsirran ƙolin Kamaru da Fernando Po ba su yi kama da na kurmin da ke ƙarƙashinsu ba, danginsu suna tsaunukan Habasha, dubban kilomitoci daga nan, wasu ma har Turai, ya kuma wallafa wannan a 1862 da 1864. Tambayar yadda suka tsallake duk wannan ƙasa mai zafi, ko tsuntsaye da iska ne suka ɗauki irinsu, ko kuwa a wani zamani mai sanyi ne suka yaɗu, ta daɗe tana ba masana aiki. Na biyu kuwa riba ce. Daular Ingila tana neman itacen da zai ba ta magani, ko roba, ko zare, tana kuma neman tuddai masu sanyi inda za ta shuka su. Shi kansa Mann, da ya bar Afirka a 1863, Indiya aka tura shi aikin gonakin itacen kwinin a tuddan Darjeeling, daga nan ya koma aikin gandun daji a Assam, ya rasu a 1916. Cikin itatuwan da Hooker ya siffanta daga Dutsen Kamaru akwai wanda yau ake kira Prunus africana, wanda ake sarrafa ɓawonsa a Turai don maganin wahalar fitsari da ke damun maza idan sun manyanta; an saɓe shi har sai da aka sa shi cikin jerin tsirran da ake sa wa cinikinsu ido a duniya a 1995.

Tun da ke Bahaushiya ce, ki nemi sanin wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916. Hanon da masu magani ke sayar da sassaƙensa a zangonninmu, sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, ƙarshen sunan daga sunan wannan likita ne.

Tambaya: Malam, busassun ganyaye na gane, to amma yaya suke kai tsiro mai rai ƙetaren teku a jirgin da ke yin watanni a hanya?

Daga wani manomin koko, Asawase, Kumasi

Amsa: Ɗan'uwa, da akwatin gilashi suke yi. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura a 1829 cewa tsiro yana rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba, domin ruwan da ya tashi daga ƙasa da ganye yakan taru a jikin gilashi ya sake gangarowa. Ya ƙera akwatuna a kan wannan dabara, a 1833 ya aika biyu zuwa Sidni ta Ostareliya, tsirran suka isa da ransu, gilashin ya bar musu hasken rana ya kuma kare su daga feshin ruwan gishiri. Da irin akwatunan aka kai shayi daga Sin zuwa Indiya, aka kai dashen roba daga Kew zuwa Silon, Sri Lanka ta yau, a 1876. Lambun Aburi da aka buɗe a 1890 yana cikin sarƙar lambunan da ke da alaƙa da Kew, kuma ya raba wa manoma dashen koko. Amma Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da koko ya shuka a Mampong ta Akuapem a 1879, 'ya'yan ya ɗauko a cikin kayansa, daga Fernando Po, tsibirin da Mann ya fara hawan dutsensa.