Amsoshin Tambayoyinku: Zana Mazuƙin Hayaƙi Mai Lanƙwasa da Zaɓen Wanda Za a Saya

Tambaya: Ni mai zanen gine-gine ne a Kaduna, kuma da manhajar zanen gini ta Revit nake aiki. Maigidan da nake yi wa zane yana son mazuƙin hayaƙin kicin ɗinsa ya kasance mai faɗi a ƙasa, ya riƙa tsukewa cikin lanƙwasa har ya kai silin, amma duk wanda na fitar sai gefensa ya zo a miƙe. Shin in sayi wanda aka riga aka zana a intanet, ko in koma wata manhajar?

Amsa: Malam, ban ga dalilin kashe kuɗi a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin Revit na iya wannan aikin, wanda za ka saya kuwa an auna shi ne da kicin ɗin wani. Amma kafin ka taɓa kwamfuta, ka sa maigidan ya tsayar da injin da za a saka a ciki, wato akwatin ƙarfen nan mai ɗauke da fanka da matatar maiƙo da fitilu. Abin da ido ke gani mai lanƙwasa rufi ne kawai, injin ne ke aikin, kuma takardar da kamfani ya haɗo shi da ita ce za ta ba ka faɗinsa da zurfinsa da girman bakin bututunsa da tazarar da ake buƙata tsakaninsa da wuta. Wanda ya fara da rufi yakan ƙare da siririn wuya mai kyan gani wanda bututun milimita 150 ba zai shige shi ba, kuma ba a farga sai ranar ɗaurawa.

Ina kyautata zaton da Blend, kayan aikin Revit mai haɗa siffofi biyu, ka yi naka, shi kuwa miƙaƙƙen layi yake ja daga siffar ƙasa zuwa ta sama. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta sassaƙa. Ka buɗe sabon fayil na Family, wato irin wanda ake zana kaya guda a cikinsa a Revit, ka fitar da dunƙulen akwati mai cikakken faɗi da tsayin rufin, sannan ka koma kallon gefe ka zana baka da Void Extrusion, kayan aikin yanka, domin ya yanke fuskar gaba, ka koma kallon gaba ka yi wa dama da hagu haka. Inda yankan suka haɗu, layin kusurwa zai fito da kansa. Ana iya yi da Sweep, a zana lanƙwasar sau ɗaya a bi da ita gefe uku, sai dai idan wuyan ya tsuke sosai siffar takan hau kanta, manhajar ta ƙi fitar da ita. Ka kuma ɗaure faɗi da zurfi da tsayi a kan ma'aunan da ake iya sauyawa, ta yadda idan uwargida ta ce kuka, wato murhun girki, mai santimita 90 take so a maimakon mai 60, lamba ɗaya za ka canza.

Hanyar sassaƙar tana da wani amfani da ya fi sauƙin zane muhimmanci. Kowace fuska da ta fitar lanƙwasa ɗaya gare ta, irin wadda za ka samu idan ka tanƙwara takarda, saboda haka mai walda zai iya yanko ta daga fallen ƙarfe, ya naɗa ta, ya haɗa kusurwoyin. Siffar da ta lanƙwashe ta ɓangare biyu kamar bayan ƙwarya ba ta fitowa daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe sai an buga ta ko an matse ta a mazubi, kuɗin aikin ya hau, kyan kuma ba tabbas. Kwamfuta ba ta gardama, duk abin da ka zana za ta nuna maka shi yana sheƙi, don haka ka kai wa wanda zai ƙera zanen gaba da na gefe, da tsawon kowane baka a rubuce, ka ji ta bakinsa kafin maigida ya ga hoton ya kafe a kansa.

Ga masu manhajar SketchUp, kayan aikinta mai suna Follow Me na yin aikin, amma su ƙara yawan gaɓoɓin bakan daga 12 da manhajar ke farawa da su, in ba haka ba lanƙwasar za ta fito a kakkarye. Masu manhajar ArchiCAD kuma suna da kayan aiki mai suna Morph tun fitowa ta 16 a shekarar 2012.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ba ni da kuɗin lasisi. Da wacce zan koyi irin wannan zanen?

Amsa: Ɗana, kamfanin Autodesk na ba ɗaliban da suka tabbatar da makarantarsu damar amfani da Revit kyauta na shekara guda, kuma ana sabuntawa, sai dai a kan Windows kaɗai yake aiki. SketchUp na da na kyauta a intanet ga wanda ba kasuwanci zai yi da shi ba. Ka nisanci na sata da ake zubawa a shago, domin yakan zo da cutar kwamfuta.

Tambaya: Muna gini a Kano. In sayi mazuƙin nan mai lanƙwasasshen gilas da ake sayarwa, ko in sa a ƙera mini rufi?

Amsa: Hajiya, girkinki ne zai raba wannan gardamar. Mai gilas ya fi araha da sauƙin ɗaurawa, amma ba shi da zurfin da zai tara hayaƙi kafin fanka ta ja shi, don haka idan suyar ƙosai da nama da toya manja ba sa yankewa a gidan, rufi mai zurfi ya fi dacewa da ke. Ko wanne kika zaɓa, kada faɗinsa ya gaza na murhun, kuma tazarar da aka saba bari a saman murhun gas ba ta yin ƙasa da santimita 65, sai idan takardar injin ta faɗi wani abu daban.

Wajen ƙarfin ja, ƙa'idar da aka saba bi ita ce injin ya sauya iskar ɗakin sau goma a awa guda. Kicin mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da tsayin mita 3 yana ɗauke da mita kubik 36, ke nan kina neman mai jan aƙalla mita kubik 360 a awa, ki ƙara a kai idan bututun zai yi nisa ko zai sha kwana, domin kowace kwana tana rage masa ƙarfi. Ki dage a fitar da bututun waje ta bango tun ana ginin. Irin wanda ke tace iska da gawayi ya mai da ita ɗaki yana rage wari, amma zafi da tururi suna nan, matatar kuma sai an riƙa sayen sabuwa. Idan rufin na katako ne ko filasta, a shimfiɗa masa ƙarfe ta ƙasa, a kuma bar hanyar zaro matatar maiƙo domin wankewa. An yi waɗannan injina ne domin murhun gas da na lantarki, kada a ɗora su a kan na itace ko gawayi.