Amsar Gwaggo kan tatsar nono a bar wa yaro

Wa alaikumussalam 'yata. Naga saƙonki, kince hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, ga maigidana ko wata huɗu bai cika ba, kina so ki dinga tatsar nono kina bar masa kafin ki taso daga aiki, amma Hajiya surukarki tace ita tunda take bata taɓa gani ba, nonon da ya bar jikin uwa ya zauna a roba ba abin ba jariri bane, gara a haɗa masa madarar gwangwani ko a fara ɗura masa koko. Shine kike tambaya wai da gaske al'adarmu ta hana?

Bata hana ba. Amma kar ki ɗauka Hajiya rigima take nema, maganarta tana da tushe. A da mace bata rabuwa da goyonta, in daka take yana baya, in gidan biki ne yana baya, in unguwa ce da daddare yana baya, to me zai sa ta tatsa ta ajiye? Tatsar da muka taso muka gani duk ta zubarwa ce. Dakashin nan na kwanakin farko tatsewa ake a zubar wai datti ne, a dinga ba jariri ruwa ko nonon akuya har farin nono ya kawo. In mace ta daɗe a waje ta sha rana sai ace nononta yayi zafi ko yayi tsami, sai ta tatse na farko ta zubar ta wanke sannan ta ba ɗa. Har gwaji tsofaffi suke yi, a tatsa a ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta fito ace nono lafiya, in ta mutu ace mugun nono ne a shiga jiƙe-jiƙe, kuma fisabilillahi tururuwar da aka jefa a ruwa ai ko na randa ne tana iya mutuwa. Kinga duk wadda ta girma a haka, da taji ance tatsattsen nono abinda zai zo mata a rai shine abin zubarwa. Yanzu kuwa an gane dakashin da muke zubarwa shine rigakafin farko na jariri, kuma nono baya tsami a jikin uwa ko ta wuni a rana.

Ta ɓangaren addini ma babu matsala. Aya ta 233 a Suratul Baƙara shekara biyu cikakku ta ambata ga mai son cika shayarwa, kuma ke ƙoƙarin cikawa kike. Nonon mace abu ne mai tsarki, ko ya zubo miki a riga a ofis ba najasa bane kiyi sallarki.

Inda nake so ki buɗe kunne shine maganar raɗa'a, wato 'yan'uwantakar da shayarwa take ƙullawa, ita ce 'yan zamani basa tunawa, su dai firij da roba. A mazhabarmu ta Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun nan yana haramta aure, ko tsotso ɗaya ne, kuma ba sai ya kama mama da bakinsa ba, ko a kofi ko a cokali aka bashi hukuncin ɗaya ne. Wasu malaman kamar Shafi'iyya sun ce sai an shayar sau biyar, amma mu ba a kan haka aka tarbiyyance mu ba. To ke gidan yawa kike, ga matar ƙanin mijinki da goyon mace, firij ɗaya kuke sa kaya. Ranar da kika fita wata yarinya ta ɗauko robarki taba waccan jaririyar don tana kuka uwarta tana wanka, shikenan ta zama 'yarki ta shayarwa, ita da maigidana da duk wanda zaki haifa nan gaba babu aure har abada, kuma kinsan gidanku da auren zumunci. Abin tsoron ma shine ayi ba wanda ya sani sai bayan shekara ashirin. A da in mace ta shayar da ɗan wata kowa ya gani ya shaida, tsofaffi suna riƙewa a ka, ita kuwa roba bata magana. Don haka ki manna takarda ki rubuta sunansa da ranar da lokacin da kika tatsa, ki faɗa wa kowa a gidan baki da baki, in kuma gidan raino zaki kaishi ki ja kunnen masu kula da su sosai. In tsautsayi yasa an yi kuskure kar a ɓoye, a faɗa wa iyaye maza a rubuta a ajiye.

Sai shiri. Kar ki bari sai ana gobe zaki koma, ki fara kamar sati biyu kafin nan, da safe bayan ya sha don lokacin nono yafi cika. Farkon abin kaɗan zaki samu, wataƙila ko gindin kofi bazai rufe ba, kar ki tsorata kice baki da nono, jiki ne bai saba ba kuma iya yadda ake cirewa iya yadda yake kawowa. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗora tawul mai ɗumi ki ɗan mulmula, sannan babban yatsa a sama sauran a ƙasa, a bayan baƙin nan ba kan bakin nonon ba, ki danna zuwa ƙirji ki matsa ki saki, kina zagayawa. Banda ja, ja ciwo kawai yake kawowa. In zaki sayi abin tatsa ni dai na hannu nafi yarda da shi saboda halin wutar nan tamu, in mai caji ne to ki tabbata yana riƙe caji, kuma kowanne ne sai an kwance shi an wanke bayan kowace tatsa, a tafasa sassan da nono yake taɓawa sau ɗaya a rana.

A wurin aiki ki tatsa duk bayan kamar awa 3, minti 15 zuwa 20. Kar kunya ta hanaki neman ɗaki mai ƙofa, banda bayi dan Allah. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, haƙƙinki ne ba alfarma ba. Da a Kaduna kike aikin gwamnati ma da bamu yi wannan doguwar maganar yanzu ba, tun 2019 suka mayar da hutun haihuwa wata 6.

Ajiya kuwa nan Hajiya take da gaskiya, nono yana lalacewa in an sake. A ɗaki mai sanyi-sanyi awa 4 ne, shi ma ana nufin kamar digiri 25, mu kuwa a Kano watan Afrilu sai ya haura 40, to a irin wannan zafin kar ki yarda ya kai haka. A firij mai wuta tsaye kwana 4, can ciki ba jikin ƙofa ba. A firiza ya daskare yana kai wata 6, amma da ɗauke wutar nan ni bazan dogara da shi ba, wanda ya narke a sha cikin awa 24 kuma ba a mayar da shi ya sake daskarewa. Abinda zai fi miki shine na yau a sha gobe, ki sayi ƙaramar kula da ƙanƙara, tana riƙe shi har kwana ɗaya, da ita zaki taho da shi gida. Ki raba kaɗan-kaɗan kamar mililita (ml) 60 zuwa 100 a kowace roba mai murfi, don abinda ya sha ya rage in ya wuce awa 2 zubarwa ake, wallahi da ciwo kiga an zubar da wahalarki.

Ki nuna wa mai rainon yadda ake ɗumamawa, a tsoma robar a kwanon ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta ba a tafasawa. Zasu ga ya rabu maiƙo ya taso sama kamar yadda madarar shanu take yi in ta kwana a ƙwarya, ki gaya musu tun yanzu ba lalacewa bane, a juya a hankali ya haɗe. A bashi da ƙaramin kofi ko cokali yana zaune a cinya, fida wahalar wanki gareta kuma ita take kawo gudawa in ba a kula ba. Wata ce zata koya masa ba ke ba, in yana jin ƙamshinki bazai karɓa ba. Ruwa kuma a haƙura har wata 6, nasan za a ce zafi, nonon kansa kusan duk ruwa ne. Da kin dawo da dare ki bashi ya sha iya shansa. In kinji wani wuri yayi tauri yayi ja ga zazzaɓi, asibiti zaki ba gidan mai magani ba.

Ita Hajiya kar ki tsaya musu da ita, kar kuma ki ce mata likita yace, zata ji kamar kin raina rainon da tayi. Mijinki ne zai yi maganar, ke kiyi shiru. Ranar awo ki roƙeta ta rakaki taji daga bakin nas da kunnenta, sannan ki damƙa mata amanar robar, kice Hajiya ke kaɗai na yarda ki bashi saboda kar a haɗa da na wani. Wannan hujjar ta raɗa'a zata karɓeta da sauri fiye da duk lissafin awa. Ni ma insha Allahu ran Juma'a bayan la'asar zan shigo in gaisheta, kar ki nuna mun yi magana.