Kwas ɗin taimakon likita a Kano

Malam, ka tambaya ko ƙanwarka za ta iya karanta aikin taimaka wa likita a Kano kamar yadda ake yi a Amurka. A nan abin da ya fi kusa da shi shi ne CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, karatun shekara 3 a Makarantar Fasahar Lafiya ta Kano. Su ne ke auna hawan jini, su yi wa jarirai rigakafi, su duba masu juna biyu a asibitocin sha-ka-tafi. Don Allah, kafin ku biya ko kwabo a makarantar kuɗi, ku tabbatar hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta amince da ita, domin wanda bai da lasisinta ba ya samun aiki a asibitin gwamnati.