Filin Tambayoyinku: Na ce a ba ni lemonade, sai aka kawo min mai gas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Kano ce amma yanzu ina Manchester wajen maigidana da yake karatu. Dan Allah a finafinan Amurka ina ganin yara suna kafa tebur a ƙofar gida suna saida lemonade, wani abu ruwan ɗorawa a jug da ƙanƙara, to mun je wani gidan cin abinci na ce a ba ni shi sai ga farin lemo mai gas kamar Sprite, na ce ba shi nake nufi ba, yarinyar ta dage wai shi ne lemonade. Ita ce ba ta gane ba ko turancina ne?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya bada sa'ar karatu ya dawo mana da ku lafiya. Turancinki lafiya lau, ita ma yarinyar gaskiyarta, kalmar ce take da fuska biyu, ya danganta da ƙasar da kike tsaye lokacin da kika faɗe ta.

A Amurka da Kanada in an ce lemonade, abin da kika gani a fim ɗin ake nufi, a matse lemon, wato babban lemon tsami mai ruwan ɗorawa, a zuba ruwa da suga a jefa ƙanƙara shikenan, babu gas ko kaɗan, kuma ba garau yake ba, yana da ɗan duhu-duhu saboda ruwan 'ya'yan itacen. Teburin yaran nan kuwa al'ada ce tasu ta lokacin zafi in an yi hutun makaranta, iyaye suna ganin da shi yaro yake fara koyon neman na kansa. Amma a Ingila, da Ireland, da Ostireliya da New Zealand, kina cewa lemonade kan kowa zai tafi ga farin lemon kwalba mai gas, irin na Schweppes ko R. White's wanda kamfaninsa ya samo asali a Landan tun 1845, kuma in babu su sai a miƙo miki Sprite ko 7Up ba tare da an ga an yi miki ba daidai ba.

Dalilin rabuwar yana da tarihi. Kalmar daga Faransanci ta shigo turanci a ƙarni na 17, lokacin ana nufin ruwan lemon da suga ne kawai, har a Paris an yi ƙungiyar masu saida shi a 1676, suna goya tanki a baya suna bin titi da kofuna. To sai a 1767 wani masani Joseph Priestley a Leeds, nan kusa da ku, ya gano yadda ake cusa gas a ruwa, wani mai suna Schweppe kuma, wanda lemon Schweppes ya samo suna daga gare shi, ya maida abin sana'a a Geneva a 1783 daga baya ya koma Landan da ita, sai 'yan kasuwar Birtaniya suka dinga zuba ɗanɗanon lemon a ruwan gas ɗin suna saidawa a kwalba da tsohon sunan, a hankali na kwalba ya cinye sunan gaba ɗaya. Su kuwa Amurkawa mai gas suka ba shi suna daban, soda ko pop, sai lemonade ya tsaya a inda yake. Mu ma ai haka muka yi da kalmar lemo, ɗan itace ne asali amma yau in baƙo ya zo aka ce a siyo masa lemo, Coke ko Fanta za a kawo, babu wanda zai tafi neman lemon zaƙi.

Don haka in irin na fim kike so a Manchester, ki ce still lemonade, still ɗin yana nufin mara gas, ko ki ce fresh ko homemade. Ki kula da wanda aka rubuta cloudy lemonade a kanti, kalarsa irin ta Amurka ce kuma ya fi ɗanɗanon lemon, amma yawancinsa da gas. Ni dai shawarata ki haɗa abinki a gida ya fi araha kuma ke za ki auna suganki, na kanti suga ya yi yawa wallahi. Sai dai lemon tsamin da muka saba da shi, ƙaramin koren nan, su lime suke ce masa, lemon shi ne babban mai ruwan ɗorawa, in da ƙaramin kika haɗa Ba'amurke limeade zai kira shi.

TAMBAYA: Malam ni direban babbar mota ne a Ohio. Na ga kwalba a shagon gidan mai an rubuta hard lemonade, na ɗauka mai tsami sosai ake nufi, wani abokin aikina ɗan Somaliya ya riƙe hannuna ya ce kar na siya. Mene ne gaskiyar abin?

AMSA: Ɗan uwa ka gode wa Allah ka gode wa abokin nan naka, giya ce. A turancin Amurka in aka sa hard a gaban abin sha to akwai barasa a ciki, hard lemonade, hard cider, hard seltzer, hard iced tea duk tafiyarsu ɗaya, kishiyarsa shi ne soft drink da muka sani. Fitaccen cikinsu Mike's Hard Lemonade barasarsa kusan kashi 5 cikin 100 ce, daidai da giyar kwalba, kuma abin da yake damuna da su shi ne zaƙi ya rufe warin, kwalbar ma da hoton lemon kamar ta yara, mutum zai iya shanyewa bai ankara ba, kai kuma ga sitiyari a hannunka, bayan haramcin ma lasisinka ne zai shiga haɗari. Kullum ka juya kwalba ka nemi inda aka rubuta ABV ko alc, wato yawan barasar da ke ciki, in ka ga lamba da alamar kashi a gefensa ka ajiye.

Abin mamaki a da can lemonade shi ne abin shan masu yaƙi da giya a Amurka, matar shugaba Rutherford Hayes da ya hau mulki a 1877 har laƙabin Lemonade Lucy aka yi mata saboda an daina raba barasa a fadar White House zamaninsu. Wanda ake kira Arnold Palmer kuma, shayi mai sanyi ne aka gauraya da lemonade, sunan wani ɗan wasan golf ne, asalinsa babu barasa amma akwai na gwangwani da aka rubuta spiked, shi ma ka bar shi.

Hajiyar Manchester ke ma wannan ya shafe ki, a Ingila akwai shandy, lemonade mai gas ne aka haɗa da giya, har a kanti ana saida shi a gwangwani wani lokacin kusa da lemon yara saboda barasarsa kaɗan ce, ki gaya wa maigida da yara su san sunan.