Zauren Kwamfuta: Allon Shiga Ya Canza Bayan Saka Sabuwar Manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ubuntu 22.04 ce a kan laftof ɗina. Na saka manhajar kubuntu-desktop don in gwada KDE, wato wani salon fuskar kwamfuta daban da na Ubuntu, da na sake kunnawa sai na tarar da wani baƙon allo a wurin da nake saka kalmar sirri, har tambarin tashi ya koma na Kubuntu, wato Ubuntu mai fuskar KDE. Wani mai gyara ya ce sai an yi fomat. Haka ne?
Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yarda a yi fomat, babu abin da ya taɓa fayilolinka. Allon da ke karɓar kalmar sirri wata ƙaramar manhaja ce mai zaman kanta. Tun daga Ubuntu 17.10 wadda ake amfani da ita ita ce GDM, shi kuwa KDE da tasa yake zuwa, SDDM. Ɗaya kaɗai ke aiki a lokaci guda, shi ya sa ana tsakiyar sakawa ake tambayar wacce ake so. Sddm aka zaɓa a wurinka, amma GDM, wadda ake rubuta sunanta gdm3 a umarni, tana nan.

Ka shiga kamar kullum, ka danna Ctrl da Alt da T tare, Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, zai buɗe. Sai ka rubuta:

sudo dpkg-reconfigure gdm3

Zai nemi kalmar sirrinka. Kana rubutawa ba za ka ga komai ba, ko ɗigo, haka aka tsara shi. Ka gama ka danna Enter. Jeri zai fito, ka hau kan gdm3 da madannin kibiya, ka danna Enter, ka sake kunna kwamfutar. Idan allon ya dawo amma ka shiga ka ga KDE, ka fita, ka danna sunanka, ka taɓa ɗan tambarin saiti mai kama da da'ira mai haƙora da ke ƙasa ta dama, ka zaɓi Ubuntu.

Tambarin tashi aikin wata manhaja ce mai suna Plymouth, gyaransa daban. Ka rubuta sudo update-alternatives --config default.plymouth, ka zaɓi lambar layin da ke da bgrt, sannan sudo update-initramfs -u. In ka tsallake na biyun ba za ka ga canji ba. Kuma ka tabbata batir na da caji kafin ka fara, domin wannan umarni yana sake gina fayil ɗin da kwamfuta ke tashi da shi, ba a so wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa.

Inda mutane suka fi shiga matsala shi ne gaggawar goge KDE. Ka fara mayar da gdm3, ka ga yana aiki, sannan ka cire. Kuma ka karanta jerin abubuwan da apt, wato umarnin saka manhaja da cire ta, zai goge kafin ka danna Y. Idan ka ga gdm3 ko ubuntu-desktop a ciki, N za ka danna.

Wanda ya riga ya goge har allonsa ya tsaya baƙi, ya danna Ctrl da Alt da F3, ya shiga da sunansa da kalmar sirri, ya rubuta sudo apt install --reinstall gdm3 ubuntu-desktop. Wannan yana buƙatar intanet, don haka a jona wayar hannu mai data ta kebul ɗin USB kafin a fara.