Situdiyo a Ɗakin Kwana: Kada Ka Yi Gaggawar Sayen Sabon Makirufo

Saƙonnin da suka taru mini a wannan makon kusan duk na masu ɗaukar sauti a gida ne, to sai na haɗa su wuri guda. Na farkon zai fi cin fili, domin ciwon da ya kawo shi ne yake damun yawancin masu farawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Unguwar Dosa, Kaduna. Tun ina yaro nake kaɗa gurmi, wajen kawuna na koya, kuma ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Na sayi makirufo kondensa mai arha na jona a laftof, amma duk abin da na ɗauka sai in ji wani ƙugi a ƙarƙashinsa, muryata kuma kamar daga cikin rijiya. Na kwashi adashe, abokina ya ce in sayi makirufo mai tsada. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ka ɗaure kuɗin adashen nan tukuna. Ciwo biyu ka kawo mini, kuma babu wanda sabon makirufo zai warkar. Mai tsadar ma ya fi mai arhar kunne, ƙugin da amsa-kuwwar zai ƙara fito maka da su fili.

Mu fara da ƙugin. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kake ji idan ta sami kafar shiga layin sauti. Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ka cika batirin laftof, ka zare caja, ka zare duk wata waya da ta haɗa shi da bango, sannan ka ɗauki shiru na daƙiƙa 20 ba tare da ka ce uffan ba. Ka sa abin kunne ka saurara. In ƙugin ya ɓace, ka kama ɓarawonka: ko dai caja ce, ko wayarin ɗakin. A gidajen haya da dama za ka ga soket da rami uku, amma na ukun, wanda ya kamata ya tafi ƙasa, babu abin da aka ɗaura masa. Ƙaramin janareta kuwa ɓarna biyu yake yi, rurinsa ya shigo ta taga, wutarsa kuma ba ta zuwa sumul. Haka inbata mai arha, wadda wutarta ke fita tsalle-tsalle, takan sa wani zizar sauti kamar na ƙudan zuma. Mafita mafi sauƙi ita ce ka riƙa ɗauka da batirin laftof kawai, in ka gama ka mayar da caja.

Wasu za su ce maka ka karya ƙafar filogi ta uku ƙugin zai tafi. Don Allah kada ka yi. Wannan ƙafar ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta sami matsala, kuma kai leɓenka yana dab da ƙarfen makirufo.

In kuwa ka zare caja ƙugin bai tafi ba, to ka dubi wayar makirufon. Ina kyautata zaton irin wadda ke zuwa a kwali ce, gefe ɗaya mai ƙafa uku, ɗaya gefen siririn kai da ake cusawa a ramin abin kunne. Wannan wayar ba ta da kariya daga hayaniyar lantarki, kuma ramin laftof ɗan wuta kaɗan yake bayarwa, alhali kondensa na gaskiya bolt 48 yake so. A nan ne kuɗin adashenka za su yi amfani. Ka sayi ƙaramin akwatin nan da 'yan situdiyo ke kira sawunkad, mai haɗa makirufo da kwamfuta, da wayar XLR mai ƙafa uku a kowane gefe. Hikimar wannan waya ita ce layi biyu ne ke ɗauke da sauti ɗaya, ɗayan a juye. Duk hayaniyar da ta shiga a hanya tana shiga su biyun daidai, da an isa akwatin sai a juyo ɗayan, hayaniyar ta kashe kanta, murya ta tsira. Sawunkad irin su Behringer UMC22, da M-Audio M-Track Solo, da Focusrite Scarlett Solo duk suna da maɓallin 48V, kuma daga laftof suke jan wutarsu. Sai dai kowannensu makirufo ɗaya yake karɓa. Tunda kai kana waƙa kana kaɗa gurmi a lokaci guda, wata rana za ka so makirufo ɗaya a baki ɗaya a ƙwaryar gurmin, don haka in kuɗin sun kai ka nemi mai ƙofa biyu, irin Scarlett 2i2 ko UMC202HD.

Sai maganar rijiya. Wannan ɗakinka ne, ba na'ura ba. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata 'yar ƙara ta biyo bayan tafin, to bangon siminti da tayil ne ke wurgo maka sautin. Kada ka wahalar da kanka da liƙa kwalayen ƙwai, ba su da kaurin da zai shanye sauti, sai tara ƙura da kyankyaso. Abin da kake buƙata yana gidanka. Na taɓa shiga ɗakin wani yaro a Kinkinau wanda ɗaukarsa ta ba ni mamaki, na tambaye shi wane situdiyo ya je. Sai ya ɗaga katifarsa ya jingina da bango a bayansa, ya buɗe wadirob ɗin da ke cike da manyan rigunan mahaifinsa, ya kafa makirufo a bakin wadirob ɗin, ya shimfiɗa darduma biyu a ƙasa, ya rataya bargo a ƙofa. Ke nan. Minti biyar ya haɗa, minti biyar ya kwance ya kwanta a kan katifarsa.

Ka kuma matso kusa. Tsakanin bakinka da makirufo kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, kamar tsawon tafin hannu. Duk lokacin da ka rage nisan da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amon ɗakin kuwa yana nan inda yake, sai murya ta danne shi. Ka ɗaura tsohuwar safa mai laushi a kan zoben waya tsakaninka da makirufon don ta tare iskar haruffa irin su "b" da "f". Ka kashe fanka ko da zufa za ta jiƙa ka. Ka zaɓi lokaci: bayan dare ya yi nisa, ko bayan Asuba kafin Keke Napep su fito. Da damina in rufinka na kwano ne, ka haƙura har ruwa ya tsaya. Sannan ka lura da ma'aunin ƙarfin sauti a manhajarka, inda ka fi ɗaga murya ya tsaya wajen desibel -12. Da ya taɓa ja ya kai sifili, sautin ya tsage, kuma babu mai ɗinke shi.

Gurmi sautinsa siriri ne mai daɗi, ba ya son a cusa masa makirufo a ciki. Ka saita shi wajen inda yatsunka ke taɓa tsirkiya, ka ɗan karkatar, ka gwada wuri uku ko huɗu ka zaɓi wanda ya fi kama da abin da kunnenka ke ji in kana zaune kana kaɗawa. Ina so in ji abin da zai fito, Malam. Masu riƙe da wannan kiɗa ba su da yawa yanzu.

Tambaya: Yaya, ni ɗaliba ce a Barnawa, ina yi wa ƙawayena amshi a waya da manhajar ɗaukar sauti ta BandLab. Amma in na saurara sai in ji muryata tana bin kiɗan a baya, kamar na makara. Laifina ne?

Amsa: Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Ina da tabbacin da abin kunne na Bluetooth kike ɗauka. Kafin sauti ya bar waya ya iso kunnenki ta iska, sai an dunƙule shi an aika an kwance, kuma jinkirin yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ke kina bin abin da kika ji daidai, amma abin da kika ji ya riga ya wuce. Ki sayi abin kunne mai waya, ko mai arha ne, matsalar za ta ragu sosai.

Masu kwamfuta ma suna gamuwa da wannan, nasu daga bafa ne, wato yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa. In ana ɗauka a kan gutsattsari 48,000 a daƙiƙa, bafa 1024 tana jinkirta sauti da milisakan 21 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) a shiga kawai, ga kuma na fita. Bafa 128 kuwa ba ta kai milisakan 3 ba. A rage ta lokacin ɗauka, a ƙara ta lokacin haɗa kiɗa don kada kwamfuta ta riƙa sarƙewa. A Windows sai da direban ASIO, 'yar manhajar da ke haɗa sawunkad da manhajar ɗauka, wannan ke tafiya daidai. Yawancin sawunkad kuma suna da maɓallin da ke kai muryarka kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, a danna shi.

Tambaya: Malam, wana yana Amurka zai zo hutu, ya ce in rubuta kayan da nake so. Kuma wani ya ba ni manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a filashi kyauta.

Amsa: Ɗan'uwa, duk abin da za a jona a bango ka ce masa ya karanta jikinsa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. In an rubuta 100–240V, lafiya lau. In 120V kaɗai aka rubuta, kamar yadda ake samu a wasu lasifikan situdiyo da adaftar wasu fiyano, jonawa ɗaya zai ƙone. Makirufo da sawunkad da abin kunne ba su da wannan matsalar, su ne ma suka fi dacewa ya riƙo maka, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966, yana cikin makirufon da aka fi kwaikwaya. Na gaskiyar yana da nauyi, jabun sau da yawa za ka ji shi sakayau a hannu. Shi nau'in makirufon da ake kira dainamik ne, ba ya buƙatar bolt 48, kuma a ɗaki mai hayaniya ya fi kondensa rufa asiri.

Filashin nan kuwa ka mayar wa mai shi. Manhajar da aka fasa ƙofa ce ta ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma a laftof ɗin nan kake shiga asusunka na banki. Akwai wasu manhajojin ɗaukar sauti: Audacity kyauta ce ta halal. Reaper suna ba ka kwana 60 na gwaji, lasisin mai amfanin kansa dala 60. In kuma FL Studio ɗin kake so, ka sani mafi arharsa, Fruity, ba ya ɗaukar murya, sai daga Producer zuwa sama. Wanka zai iya saya maka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina so in je hawan Sallah a Zariya in ɗauki algaita da kakaki, daga nan in wuce ƙauyenmu wajen wani tsoho mai goge. Bayan Sallah kuma zan kai wa wani aboki a Legas ya gyara. Me zan riƙe?

Amsa: Wannan tafiyar ta burge ni, Allah ya kai ka lafiya. Laftof ba abin kai wa filin hawa ba ne. Ka nemi 'yar rikoda ta hannu irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X, da batura na ajiya, da hular gashin nan da ake sa mata saboda iska. Ba tare da hular ba, iska kaɗan za ta cika maka ɗaukar da bugu. Kakaki da tambura suna da ƙarfi fiye da yadda kake zato, balle in 'yan bindiga suka saki wuta, don haka ka rage ƙarfin shigar sauti sosai tun kafin tawagar Sarki ta ƙaraso. Ka ɗauka a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, ba MP3 ba. A kan bit 24 da 48,000, awa ɗaya tana cin gigabait ɗaya da ɗan ɗori, memori mai gigabait 32 zai ba ka kusan awa 30.

Memorin nan ka gwada shi kafin ka bar Kaduna. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika shi ta karanta ta gaya maka girmansa na gaskiya. Ina nanata wannan ne don ya taɓa cin ni. Na sayi memori a wani shago, na je ƙauye na zauna yini guda da wani dattijo mai garaya, ya kaɗa ya ba ni tarihin kowane take. Da na dawo gida, fayilolin farko ne kawai suka buɗe, sauran sunaye ne babu komai a ciki, ashe ƙaramin memori ne aka yi wa rubutun babba. Kafin in sake samun zuwa, Allah ya yi masa rasuwa. Har yau abin yana ci mini rai.

In ka isa wajen tsohon, ka fara da gaisuwa da neman izini, ka gaya masa inda sautin zai je, ka kuma yi masa alheri kamar yadda ake yi wa makaɗi. Da ka danna ɗauka, ka fara faɗin kwanan wata da sunan garin, shi kuma ya faɗi sunansa da na wanda ya koya masa da bakinsa. Ku shiga ɗakin ƙasa in akwai, ya fi na siminti daɗin amo. Kowane dare ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa waya, ya zama yana wuri biyu. Ka nannaɗe rikodar a leda mai zif saboda ƙura, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

In ta jirgin ƙasa za ka bi daga Rigasa zuwa Abuja, ka riƙe jakar kayan a jikinka, kada a danne ta da akwatuna. In daga can jirgin sama za ka hau, fawabank ba ya shiga kayan da ake aunawa, sai jakar hannu, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce 100Wh. Mai 20,000mAh wajen 74Wh yake, za a bar ka ka shiga da shi. Amma in gyaran ne kaɗai zai kai ka Legas, ba sai ka je ba. Ka tura masa fayil ɗin ta Google Drive, ko ta WhatsApp a matsayin takarda, wanda ke karɓar har gigabait 2 ba tare da ya matse sautin ba. Kada dai ka kunna ka sake ɗauka da saƙon murya.